Ruwan argon da zenon: ta yaya iskar da ba ta haɗuwa da komai ke ba da haske?

Auwalu Mai Walda: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu karatun kimiyya. Argon ɗin da muke walda da shi, abin da iyayen gidanmu suka koya mana shi ne ba ya kama wuta, ba ya haɗuwa da komai, aikinsa kawai ya lulluɓe wurin ɗinki ya kore iska. To wani kwastoma ya ce mini a Amurka an haƙa rami ana gina manyan tankuna da za a cika da argon da aka mayar ruwa, wai idan wani abu ya ratsa shi sai ya yi walƙiya. Ta yaya abin da ba ya yin komai zai ba da haske? Gaskiya ne ko zancen teburin mai shayi ne?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam Auwalu. Gaskiya ne. Argon ɗan gida ne a wani rukuni: hiliyom, niyon, argon, kirifton, zenon da radon. Abin da ya haɗa su shi ne kowace ƙwayar zarra tasu ta cika zagayenta na waje da ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye tsakiyarta, ba ta neman ƙari, ba ta neman bayarwa, shi ya sa ba sa cuɗanya da sauran sinadarai. Lord Rayleigh da William Ramsay ne suka gano argon a 1894 a Ingila, bayan sun lura cewa naitirojin da aka tace daga iska ya fi wanda aka haɗa da sinadarai nauyi kaɗan. A 1898 Ramsay da Morris Travers suka fito da niyon da kirifton da zenon. Amma batun hasken, ɗiyarmu Bilkisu ce za ta fi ni bayani, fanninta ne.

Bilkisu: Malam, ai a ƙarƙashinku muka taso. Yaya Auwalu, bari in fara daga inda Malam ya tsaya. Zarrar argon idan tana zaune lafiya, ba ruwanta da maƙwabciyarta. Amma idan wata ƙwaya mai gudu ta ratsa ruwan, sai ta riƙa bugun zarrori a kan hanyarta. Wasu ta fizge musu ilektaron gaba ɗaya, wasu kuma ta ɗaga ilektaron ɗin zuwa mataki na sama bai fita ba. Wadda aka ɗaga ɗin halinta ya canja, zagayenta ba cikakke ba ne yanzu, sai ta kama zarrar da ke kusa da ita su zama biyu a manne. Mannewar ba ta daɗewa. Da zarar ilektaron ya koma mazauninsa sai su rabu, ƙarfin da ya rage ya fita a matsayin ƙwayar haske guda. Miliyoyin irin wannan su ne walƙiyar da kwastomanka ke faɗa.

Malam Nasiru: A nan ina da ja, Bilkisu. Idan kika ce suna mannewa, yaro ɗan aji huɗu zai rubuta mini a jarrabawa cewa argon yana haɗuwa da argon kamar yadda oksijin ke zama biyu-biyu. Abin da bai kai ƙiftawar ido ba, wanda ba za a iya zuba shi a kwalba ba, ni ban kira shi haɗuwa. Haɗuwa ta gaske ita ce irin wadda Neil Bartlett ya yi a 1962 a Kanada, lokacin da ya sa zenon ya haɗu da wani sinadari na filatinom da fulorin, aka ga abu a zahiri ya zauna.

Bilkisu: Na fahimci damuwarku ta aji, Malam. Amma ni a wurina haɗuwa ce, don ana auna ta, an san nisan da ke tsakanin zarrorin biyu, an san tsawon ranta. Kuma in ba don ita ba da duk wannan sana'ar ba ta yiwu ba. Ga dalili. Da a ce zarra guda ce ta fitar da hasken, zarra ta gaba za ta haɗiye shi nan take, don daidai bakinta yake. Hasken ba zai yi nisan komai ba. Amma hasken da ma'auratan nan ke fitarwa ƙarfinsa ya ɗan gaza abin da zarra guda ke buƙata kafin ta motsa. Sai ya wuce ta gaban dukkansu babu mai taɓa shi. Ruwan yana haifar da haske kuma yana barinsa ya ratsa shi. Wannan shi ne sirrin da ya sa za a iya gina tanki ƙato a sa idanun na'ura a bango kawai.

Malam Nasiru: Wannan bayanin ya gamsar da ni ta fuskar haske. Ta fuskar suna kuwa ina nan a kan bakata.

Auwalu Mai Walda: To in na leƙa tankin zan ga yana ƙyalli?

Bilkisu: Ba za ka gani ba Yaya. Idon mutum yana ganin haske mai tsawon zango daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (nanomita kashi ɗaya ne bisa biliyan na mita). Na ruwan argon 128 ne, na zenon wajen 175. Dangin hasken nan ne da ke ƙona muku ido idan mutum ya yi walda babu gilashi, ya kwana yana hawaye, sai dai wannan ya fi shi gajarta sosai. Ko iskar da muke shaƙa ba ta barinsa ya wuce, oksijin na cinye shi. Gilashin taga ma bango ne a gare shi. Shi ya sa masu aiki da argon ke shafa wani sinadari mai suna TPB a jikin na'urorinsu: ya karɓi hasken 128 ya mayar da shi shuɗi, wajen 420, sannan na'ura ta gani. Zenon ya fi sauƙi a nan, haskensa na ratsa tagar kwaz kai tsaye, kuma farar robar nan Teflon tana mayar da shi da kyau, don haka da ita ake lulluɓe cikin tankin.

Injiniya Kabiru: Salam. Yanzu na tashi daga aiki, ina cikin mota a Oshodi na karanta. Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren sanyi, don shi ne abincina. A masana'anta iska muke matsewa, mu cire ruwa da ƙura, mu sanyaya ta har ta zama ruwa, sannan mu raba ta a dogon hasumiya. Naitirojin yana tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, argon a 186, oksijin a 183. Ku dubi argon da oksijin, digiri 3 ne kawai tsakaninsu, shi ya sa raba su ke da wuya, sai an yi masa hasumiya tasa daban. Argon wajen kashi 0.93 cikin ɗari ne na iska, ya fi iskar kabon yawa nesa ba kusa ba. Zenon kuwa wajen 87 ne cikin biliyan. In ka lissafa, sai ka tace iska kusan tan 2,500 kafin ka samu kilo guda.

Wani abu kuma da littafi ba ya cika faɗa. Argon yana daskarewa a 189. Wato tsakanin tafasa da daskarewa digiri 3 ne. In ka yi gangancin sanyaya shi da ruwan naitirojin kai tsaye sai ya zama ƙanƙara ya toshe bututu. Zenon ma haka, tsakanin 108 da 112. Duk wanda ka ji yana riƙe da tan-tan na waɗannan a matsayin ruwa shekara da shekaru, ka jinjina masa.

Shamsu: Ni daga Computer Village nake bi. Anti Bilkisu, tambayata ta masu gyaran waya ce. Ruwan nan yana ɗaukar wutar lantarki ko ba ya ɗauka? In na tsoma mita a ciki me za ta nuna?

Bilkisu: Mitarka za ta ce babu hanya, ƙanena. Ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan, don babu ilektaron ko guda da ke yawo. Ka san silikon na cikin wayoyinku, gibin da ilektaron zai tsallaka kafin ya samu 'yanci wajen 1.1 ne a ma'aunin ilektaron-bolt, zafin ɗaki ma yana sakin wasu. A ruwan zenon gibin wajen 9.3 ne, a argon ya haura 14. Babu mai tsallakawa da kansa. Don haka za ka iya ɗora masa dubban bolt ya zauna shiru.

Amma ga abin mamakin: ranar da wata ƙwaya ta zo ta fizge ilektaron, wannan ilektaron ɗin babu mai riƙe shi. Zarrorin duk a ƙoshe suke. Sai ya kama hanya kamar mota a kan gadar Third Mainland da asubar Lahadi. A ruwan argon, in aka sa bolt 500 a kowane santimita, yana yin wajen milimita 1.6 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, kilomita ɗaya da rabi da ɗoriya ke nan a daƙiƙa. Saurin amsawar ilektaron a ruwan zenon ya kai na silikon, har ya ɗan fi. Ruwa ne fa, zarrorinsa ba a jere suke ba, amma yana hali irin na dutsen da aka tsara.

Shamsu: Wato shiru yake sai an taɓa shi, in an taɓa kuma ya kai saƙo. Ai abin da ake so daga na'urar ji ke nan.

Bilkisu: Daidai. Kuma saƙo biyu yake bayarwa, haske da caji, kuma suna cin juna. In ilektaron ya koma wa zarrar da ya baro, ƙarin haske ake samu. In ka ƙara ƙarfin lantarki ka janye shi da sauri, haske ya ragu caji ya ƙaru. Masu awo suna haɗa biyun don su san ainihin ƙarfin da ya shigo.

Injiniya Kabiru: Ki faɗa musu abin da ke tare motar a kan gadar.

Bilkisu: Oksijin da ruwa, Injiniya. Ƙwayar oksijin mayunwaciya ce, da ilektaron ya gifta sai ta cafke shi, ta zama abu mai nauyi da ke jan jiki, saƙo ya mutu. Abin da aka auna shi ne, in akwai oksijin 1 cikin biliyan a ruwan argon, ilektaron yana rayuwa wajen kashi 300 bisa miliyan na daƙiƙa, wajen rabin mita ke nan na tafiya. Tankunan da Yaya Auwalu ya ji labari, na gwajin DUNE ne a jihar Dakota ta Kudu, ana so ilektaron ya yi mita 3 da wani abu ko fiye. Dole oksijin ya sauka ƙasa da 1 cikin biliyan 10. Naitirojin kuma ba ya kama ilektaron sosai, amma yana kashe hasken, 'yan kaɗan cikin miliyan sun isa su dusashe shi.

Injiniya Kabiru: Ku kwatanta da namu. Silindar da aka rubuta wa 99.999 ita muke kira mai tsabta sosai, kuma wannan na nufin datti 10 cikin miliyan. Ga masu walda ya wadatar har ya yi yawa. Ga su Bilkisu ruwan kwata ne. Su ba sa dogara da abin da aka kawo musu, kullum famfo na zagaya ruwan ta cikin matata mai jan ƙarfe da ke shanye oksijin da wata da ke tsotse danshi, dare da rana, don bangon tankin kansa da wayoyi da robobi suna ta fitar da datti a hankali.

Auwalu Mai Walda: Allahu Akbar. Wannan kam na san shi da hannuna. In ina ɗinka bututun sitenles, launin ɗinkin ne ke gaya mini ko iska ta shiga. In argon ya rufe da kyau, ɗinkin fari ne tas ko ruwan zinare mai haske. In ya fara shuɗi da ja-ja, an ɗan samu ɓaraka. In ya yi toka-toka ko baƙi, ta ciki kuma ya yi ƙuraje masu kaushi, to tiyo ya huje ko fanka na kaɗawa ko na ɗaga hannu da wuri kafin ƙarfen ya huce. Shi ya sa muke toshe bakin bututu mu cika cikinsa da argon kafin mu kunna. Ashe abokin gabanmu ɗaya da su.

Injiniya Kabiru: Ɗaya ne. Kuma tun da ka ambaci cika bututu, don Allah Auwalu ka ja kunnen yaranka. Argon ya fi iska nauyi, ba wari ba launi, yana kwanciya a ƙasan tanki. Mutum ya zura kai ya duba ɗinki, ba zai ji sarƙewa ba, faɗuwa kawai zai yi. Lita guda ta ruwan argon in ta huce tana zama iska sama da lita 800. Kada kowa ya shiga tanki sai an hura iska an auna oksijin, kuma da mutum a tsaye a waje.

Auwalu Mai Walda: In sha Allahu. Gobe da safe zan tara su.

Anti Hadiza: Sannunku da muhawara. Ni hiliyom na sani, don a ɗakin hoton MRI nake aiki. Maganaɗisun injin wayoyi ne na nayobiyom da taitaniyom da aka jiƙa cikin ruwan hiliyom a digiri 269 ƙasa da sifili. A wannan sanyin wuta na zagaya wayar babu abin da ke rage ta. Kamerlingh Onnes ne ya fara mayar da hiliyom ruwa a Leiden ta ƙasar Holan a 1908, a 1911 kuma ya ga wannan hali a jikin zaiba. A wani wuri da na taɓa aiki na ga ranar da maganaɗisu ya saki sanyinsa. Ƙara muka ji, sai farin hayaƙi ya turnuƙe ta bututun saman gini, bututun ya yi farin ƙanƙara a tsakiyar zafin Legas. Cikin 'yan mintoci hiliyom ɗin ya tafi sama. Marasa lafiya suka yi ta jira har aka samo wani daga waje, don ba a tace shi daga iska kamar argon, daga rijiyoyin gas yake fitowa a ƙasashe irin su Amurka da Katar da Aljeriya. Bilkisu, tun da shi ya fi kowa sanyi da tsabta, me ya sa ba da shi ake cika tankunan ba?

Bilkisu: Anti, tambayar ta yi kyau ƙwarai. Ta fuskar tsabta babu kamarsa, don duk wani datti daskarewa yake a wannan sanyin ya manne a bango. Matsalar halinsa ne da ilektaron. Zarrar argon da ta zenon manya ne, gajimaren ilektaron ɗinsu yana lanƙwasa idan baƙo ya zo, sai ya zama akwai ɗan jan da ke daidaita turin. Hiliyom ƙarama ce, a ɗaure take tam, turi kawai ta sani. In ilektaron ya faɗa ciki, sai ya ture zarrorin da ke kewaye da shi ya yi wa kansa kumfa, fanko mai faɗin 'yan nanomita, ya zauna a ciki. Duk inda zai je sai ya ja kumfar nan. Saurinsa ya faɗi ƙasa da na argon sau dubbai. Niyon ma haka take yi. Don haka in caji kake son ɗauka daga nesa, argon da kirifton da zenon ne mutanenka. A CERN ma, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, babbar na'urar ATLAS, ɗaya daga cikin biyun da suka ga ƙwayar Higgs a 2012, da ruwan argon take auna ƙarfin ilektaron da haske, wani gwajin kuma mai suna NA48 da ruwan kirifton ya yi.

Injiniya Kabiru: To mu zo inda za mu saɓa. Ni ina ganin masu zuba kuɗi a zenon sun kusa kai bango. Argon yana ko'ina, duk inda ake yin oksijin na asibiti da na ƙarfe ana iya samunsa. Carlo Rubbia ya kawo shawarar tankin argon mai ɗaukar hoton hanyar ƙwayoyi tun 1977, aka gina ICARUS mai tan 760, yanzu DUNE na maganar tan 17,000 a kowane tanki, da za su tari nutirino, wasu ƙwayoyi marasa caji masu ratsa kusan komai, da aka harbo daga cibiyar bincike ta Fermilab, nisan kilomita 1,300 ta cikin ƙasa. Zenon fa? Gwajin LZ na Amurka tan 10 ne gaba ɗaya, kuma sai da aka sha wuya kafin a tara shi.

Bilkisu: Injiniya, aiki biyu kuka haɗa. DUNE nutirino yake nema masu ƙarfi, yana buƙatar girma. LZ da XENONnT na Gran Sasso a Italiya da PandaX na Jinping a Sin, ɓoyayyen abin nan suke farauta wanda nauyinsa ke riƙe taurari amma ba ya haske. Bugunsa ɗan mitsitsi ne, ƙila sau ɗaya a shekara ko ƙasa. A nan zenon ba shi da na biyu. Nauyinsa ya kusa ninka na ruwa sau 3, alminiyom ma yana iyo a kansa. Saboda haka gefen tankin yana tare hasken nukiliya da ke shigowa daga waje, tsakiyar ta zauna tsit. Kuma ga dabarar: bugu ya faru, walƙiya ta farko ta fito nan take. Ilektaron ɗin da aka saki a ja su sama har su fita daga ruwan su shiga siririn gas da ke samansa, su yi walƙiya ta biyu mai ƙarfi. Tazarar lokaci tsakanin biyun ta ba ka zurfi, inda ta biyun ta haska ta ba ka wuri. Ilektaron guda tak ana iya ganinsa.

Injiniya Kabiru: Argon ma yana yin wannan, kuma yana da abin da zenon ba shi da shi. Faɗa musu da kanki.

Bilkisu: Zan faɗa, gaskiya ce. Ma'auratan da na ambata iri biyu ne, masu saurin rabuwa da masu jinkiri. A argon na farko suna rabuwa cikin wajen kashi 6 bisa biliyan na daƙiƙa, na biyu sai sun kai wajen 1,500. Bambanci ne mai faɗi. In ƙwayar tsakiyar zarra aka buga, yawancin hasken na saurin ne. In ilektaron ne ya wuce, yawancinsa mai jinkiri ne. Da siffar walƙiyar kaɗai za ka san wane ne ya zo. A zenon kuwa wajen 4 ne da 20 da wani abu, sun yi kusa da juna, rarrabewar ba ta fita sosai. Da wannan dabarar ta argon gwajin DEAP-3600 ke aiki a ɗakin bincike na SNOLAB a Kanada, kilomita 2 a ƙarƙashin ƙasa.

Amma ku ma ku faɗi aibin naku. Argon na iska yana ɗauke da wani nau'i nasa mai suna argon-39, wanda hasken sararin sama ke haifarwa. Yana fashewa da kansa, wajen sau ɗaya a daƙiƙa a kowane kilo, kuma shekara 269 ake yi kafin rabinsa ya ƙare. Tan guda, fashewa 1,000 a daƙiƙa. Sai da mutanen gwajin DarkSide suka je rijiyoyin iskar kabon a Kolorado suka tato argon da ya daɗe a binne, wanda nasa ya ragu sama da sau 1,000. Wannan argon ɗin ba mai araha ba ne kuma.

Auwalu Mai Walda: Tsaya Bilkisu. Wato silindar da nake jingina da ita kullum tana fashe-fashen nukiliya?

Bilkisu: Kwantar da hankalinka Yaya. Jikin babban mutum kansa yana yin wajen 4,000 a daƙiƙa daga fotasiyom na abinci. Na silindarka bai kai ko kusa ba, kuma ƙarfen silindar ya tare shi. Na'urar ce kawai ke da kunnen jin sa.

Injiniya Kabiru: Zenon ma yana zuwa da kirifton-85, shi ma mai fashewa da kansa.

Bilkisu: Yana zuwa, amma kirifton baƙo ne a cikinsa, tafasarsu ta bambanta da digiri 45, ana tace shi a hasumiya irin taku. Argon-39 kuwa argon ne, ɗan gida.

Alhaji Garba: Assalamu alaikum. Na jima ina karantawa daga Mile 12, ban so in katse ku ba. 'Yata Bilkisu, Allah ya yi miki albarka. Amma ki amsa wa tsoho tambaya ɗaya. Wannan ɓoyayyen abin, an kama shi?

Bilkisu: Amin Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba a kama shi ba.

Alhaji Garba: To ni a kasuwa, in na aika yaro neman kaya shekara da shekaru yana dawowa hannu rabbana yana ce mini in ƙara masa kuɗin mota, zan tambayi kaina ko kayan na nan. Ga Hadiza na ba da labarin marasa lafiya suna jiran hiliyom. Ba gara a kai dukiyar can ba?

Malam Nasiru: Alhaji, tambayarku tana da nauyi, kuma ba ku kaɗai ke yin ta ba. Ni ma wani lokaci ina jin haka idan na dubi ɗakin gwajinmu. Sai dai shaidar cewa akwai wani nauyi da ba a gani tana da ƙarfi. Fritz Zwicky ya lura da ita tun 1933, Vera Rubin ta ƙarfafa ta da awon yadda taurari ke juyawa a gefen tarinsu. Abin da ba a tabbatar ba shi ne ko irin ƙwayar da tankunan nan ke jira ce.

Bilkisu: Baba, ba hannu rabbana yaron ke dawowa ba. Kowane zagaye yana rufe wani yanki, ya ce ba a nan yake ba, kuma da hujja. Sannan kunnen da aka kaifafa ya ji wasu abubuwan. A 2019 gwajin XENON1T, wanda ya gabaci XENONnT, ya ga wata irin fashewa ta zenon-124 wadda rabin ranta ya ninka shekarun duniya sama da sau tiriliyan. A 2024 XENONnT da PandaX suka ba da rahoton alamun farko na nutirinon rana yana bugun ƙwayar tsakiyar zenon. Ni ina ganin tambayar mene ne ya cika sararin da Allah ya halitta ta cancanci a kashe mata wani abu. Kuma hiliyom ɗin Anti, ai daga irin wannan neman ya fito. Onnes bai san da injin asibiti ba a 1908.

Alhaji Garba: Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Sauran kuwa ina nan ina tunani, ban ce na yarda ba.

Shamsu: Baba Alhaji, bari in ƙara ɗaya daga layinmu. Ƙananan allunan cikin waya, da yawansu da hasken leza na argon da fulorin ake zana su, mai nanomita 193, irin wanda ake gyaran ido da shi. In na fahimci Anti Bilkisu, shi ma mannewar ɗan lokaci ce ke ba da hasken. Kuma yawancin gas ɗin cikin lezar niyon ne. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, masana'antun niyon na Mariupol da Odesa suka tsaya, hankalin masu yin allunan ya tashi a duniya.

Bilkisu: Haka ne Shamsu, dangi ɗaya ne, sai dai can argon da fulorin ne ke mannewa kuma a gas ake yi.

Malam Nasiru: Injiniya, a cikin duk wannan me zan iya nuna wa yarana a Agege da idonsu?

Injiniya Kabiru: Ruwan argon kada ku kai shi aji, Malam. Ku nemi bututun gilashi masu gas na ɗakin gwaji da ƙaramin injin ba su wuta. Niyon zai ba ku ja mai ruwan lemo, argon ya ba ku shunayya mai haske. In kun samu ɗan gilashin raba haske, yara za su ga layukan kowanne daban. In kuma kuna son su ga sanyi, ku rubuto takarda ta makaranta in gwada nema muku izinin ziyara, su zo da takalma rufaffu, mutum goma-goma.

Bilkisu: Malam, in kun nuna musu bututun ku gaya musu wannan hasken na zarra guda-guda ne a cikin siririn gas, shi ya sa yake fita layi-layi kuma ido ke ganinsa. Na ruwan daga ma'auratan yake, faffaɗa ne ba layi ba, kuma yana can ƙasa da inda ido ke kaiwa. Zan zana muku matakan biyu a takarda in turo nan bayan isha'i.